Jinjina ga masu riƙe da makullin sito a Jimeta

Duk wanda zai yaba wa matan Jimeta kan iya ajiya, ya fara sanin irin garin da suke ajiyar a cikinsa. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40. Miyar da aka dafa da safe ba ta kai la'asar sai an sake ɗora ta a wuta, lantarki kuwa ba abin da za a damƙa wa amanar nama ba ne. Da damina ta kankama kogin Binuwai ya cika, danshi ya bi bango, garin tuwo ya dunƙule, tufafi su yi fumfuna a akwati. Hunturu ya zo da ƙurarsa, ya zo da ɓerayen da ƙunar daji ta koro cikin gari. Kowane lokaci na shekara da irin ɓarnar da yake wa abin da aka ajiye. A haka mace a Luggere ko Rumde ko Nassarawo, a gidan haya ciki da falo, ga 'ya'ya ga ƙanin miji da ya zo karatu, take riƙe da gida har baƙo ya shiga ya samu wurin zama da abin taɓawa.

Ka leƙa ɗakin irin wannan mace ka ga hankali. An ɗaga ƙafafun gado da bulo, ƙarƙashinsa ya zama sito: akwatin ƙarfe na kayan fita, bokitan fenti da aka wanke tas aka zuba shinkafa da gari da wake, kowanne da murfinsa. Gwangwanin madara ya koma gidan daddawa, kwalabe sun ɗauki kuka da busasshiyar kuɓewa da karkashi da yaji. Kayan sanyi suna cikin jakar Ghana-must-go a saman wadirob sai Disamba ta yi. Abin da ake ɗauka kullum yana kusa da hannu, abin da yaro bai kamata ya taɓa ba yana rataye a ƙusa. Randa tana inuwa a kan jiƙaƙƙen yashi, tana aikin da firij ya kasa. A ƙasashen da kaya suka yi wa mutane yawa, har sana'a ake yi da koyar da gyaran ɗaki. Marie Kondo 'yar Japan ta yi suna a duniya da littafinta na 2011, kuma jigon koyarwarta shi ne rabuwa da abin da ba ka buƙata. Aikin matar Jimeta ya fi wannan wuya, domin ita kaɗan take da shi, kuma dole kaɗan ɗin ya kai ta wata shida bai lalace ba.

Ina ganin garin ma da wannan hali ya tashi. Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, ita kuma Jimeta ta bunƙasa ne a matsayin tashar jiragen ruwa bayan zuwan Turawa. Jiragen kamfanoni ba sa iya hawo Binuwai sai ruwa ya cika a tsakiyar damina. Su sauke gishiri da yadi, su kwashi gyaɗa da auduga, sai kuma baɗi. Mutanen da kaya ke zo musu 'yan watanni a shekara ba sai an koya musu tanadi ba.

Inda gwanintar ta fi fitowa shi ne shirin Sallah da Kirsimeti. Tun ran gini tun ran zane. A Nuwamba da Disamba masara da dawa da gyaɗa da wake suke kwararowa Kasuwar Jimeta daga Ganye da Song da Fufore da Mayo Belwa, farashi ya sauka. Mai shirin Kirsimeti ta yi dace, bikinta kullum a bayan girbi yake faɗowa. Mai shirin Sallah kuwa kalanda biyu take riƙe da su a ka, domin watan Musulunci yana ja baya da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara. Azumin 2024 da na 2025 a Maris suka kama, a tsakiyar zafin nan, Babbar Sallah kuma ta zo a Yuni, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa hatsi ya yi tsada. Geron kunun buɗa-baki na Maris, tun kaka ta saye shi. Ta roƙi uwar adashi a sa kwasarta ta faɗo a Sha'aban. Ta kai wa tela yadin yara kafin a ga wata, don ta san da an sha goma ba ya karɓar ɗinki. Ta shiga watanda da maƙwabta. In da hali, ta sa an sayo ɗan rago a kasuwar Ngurore tun yana da sauƙi, aka ɗaure shi a lungun gida yana cin dusa da harawa har ranar layya. Ko 'yan canjin da za a ba yara masu zuwa barka da Sallah, a gwangwani take tara su. A Zumuntar Mata ta coci ma haka abin yake, ana zubi tun farkon shekara, Disamba na yi a raba shinkafa da mai.

Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta wuce kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Gidaje da yawa da suka yi bikin waɗannan shekaru ba su ci bashi ba, ba albashi ne ya ƙaru ba. Akwai wadda ta yi lissafi tun da wuri, ta hana kanta, ta ɓoye.

Ajiyar nan kuma ba ta ƙwauro ba ce, kuma wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar Sallah da hantsi za ka ga yara a layi ɗauke da kwanuka, wannan na gidan Goggo, wannan na gidan Bappa, wannan na maƙwabciya Kirista. Ranar 25 ga Disamba kwanon ya juyo, ɗauke da shinkafa da cincin, kuma sau da yawa an kira Musulmi ne ya yanka akuyar don kowa ya ci hankali kwance. "Adda, Dada ta ce a kawo miki." "Madalla, tsaya in juye, ba a mayar da kwano haka nan." A garin da Fulani da Bata da Verre da Kilba da Margi da Higgi da Chamba da Hausawa da Ibo suke shan famfo ɗaya, garin da ya ga harin coci a Janairun 2012 da bam a masallacin Juma'a na Jambutu a Oktoban 2015, wannan kwano ba ƙaramin aiki yake yi ba. Kuma daga bokitin fentin nan na ƙarƙashin gado yake fitowa.

An ga ƙarshen gwajin a 2014. Da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a ƙarshen Oktoba, bayan Madagali da Michika, mutane dubun dubata suka nufo Yola da Jimeta, wasu a ƙafa. An buɗe sansanoni a Damare da Malkohi, Majami'ar Saint Theresa ta Jimeta ƙarƙashin Bishop Stephen Dami Mamza ta karɓi dubbai, masallatai da ƙungiyoyi sun yi nasu. Amma mafi yawan waɗanda suka gudo a gidajen mutane suka sauka. Falo ya zama ɗakin kwana, kicin ya zama ɗakin kwana, buhun da aka tanada ya kai damina ya ƙare a makonni. Wadda ta auna tuwon ta ƙara ruwa a miya ta ciro zannuwanta daga akwati ta raba, ba a ɗauke ta hoto ba, ba a ba ta lambar yabo ba. Allah Ya saka muku da alheri, iyayenmu da yayyenmu.

To amma wanda ya isa a yaba masa ya isa a faɗa masa gaskiya. Abin da ya fi damuna shi ne guba a cikin wake. Tsoron ƙwari ya sa wasu, daga 'yan kasuwa har matan gida, suna yayyafa wa wake maganin ƙwari irin fiya-fiya ko Sniper kafin a ɗaure buhu. Sinadarin da ke ciki, dichlorvos, shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa. Abin da baƙi suka ƙi ci, shi muke yi wa yara ƙosai da alala da shi, shi muke aunawa mu kai wa surukai kayan azumi. Ga shi kuwa akwai mafita, kuma a maƙwabtanmu aka fara gano ta. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka tare da takwarorinsu a Marwa ta arewacin Kamaru ne suka fito da buhu mai riɓi uku tun ƙarshen shekarun 1980, wanda aka yaɗa a Afirka ta Yamma daga 2007 da sunan PICS. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A busar da wake sosai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki sai su shaƙe iskar da ta rage su mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Wadda wakenta bai kai buhu ba, jarka mai tsabta busasshiya ta ishe ta, muddin an cika ta har wuya an toshe bakin da kyau, ba a riƙa buɗewa kullum ba. Hannun da ya iya mayar da gwangwani gidan daddawa ba zai kasa wannan ba.

Murfi ma ba don tsabtar ido kawai ba ne. Zazzaɓin Lassa daga garin Lassa na kudancin Borno ya samo suna a 1969, nan kusa da iyakar jiharmu, kuma ta fitsari da kashin ɓera a abinci yake shiga gida, musamman da rani. Buhu buɗe a ƙasa da shanyar hatsi a bakin titi duk gayyata ce. Gyaɗa da masarar da aka ɗaure da sauran danshi kuwa, fumfunar da suke yi tana cutar da hanta, kuma dafuwa ba ta kashe dafinta. Wadda ta canza launi a zubar, kada a ce za a yi ƙuli-ƙuli da ita.

Sai ruwa. An ga abin da ya faru a 2012 da 2022 da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, an kuma ga ambaliyar Yulin 2025 da ta ci rayuka a unguwannin Yola ta Kudu. Dabarar ƙarƙashin gado da na yaba ɗazu, a gidan da ke kwari kusa da tafkin Geriyo ko bakin kogi ita ce ta farko da ruwa ke cinyewa. Daga Yuli zuwa Oktoba hatsi ya hau kanta, takardun makaranta da na fili da katin asibiti su shiga leda su hau can sama, a wurin da kowa a gidan ya sani. Hana ambaliya nauyin gwamnati ne, kuma madatsar Dasin Hausa da aka daɗe ana zancenta har yau ba a gina ta ba. Amma sharar da aka share daga ɗaki mai kyau aka juye a lambatu, hannunmu ne.

Game da kyautar kanta, akwai abin da ke shigowa sannu a hankali wanda ba na jin daɗinsa. Kayan Sallah sun fara zama ramuwa da gasa: wance ta kawo turmi biyu bara, dole a kai mata uku bana, ko da an ci bashi. Kwano mafi nama yana tafiya gidan da firij ya cika, mai wankau da almajirin gida su samu ƙashi. Alhali hikimar zakkar fidda kai, da aka ce a fitar kafin a yi sallar Idi, da kason mabuƙata a naman layya, da kyautar Kirsimeti a asalinta, duk wanda ba zai iya ramawa ba suke nufi. Har yanzu akwai iyalan da suka gudo a 2014 ba su koma ba, suna raɓe a gefen gari, akwai zawarawa masu marayu a kowane layi. Bishop Mamza ya gina wa irin waɗannan gidaje 86 a Sangere-Marghi a 2021, har da masallaci don Musulmin cikinsu. Ba kowa ke da ƙarfin gini ba, amma kowa na iya sa sunan mutum ɗaya irin wannan a jerin da yake rubutawa, a sama ba a ƙasa ba, ya auna masa daga buhun da gidansa zai ci. Akwatunanmu ma su sha iska. Atamfar da ta shekara biyar a ninke tun lefe, jeren samiru da kuloli da ba a taɓa zuba musu abinci ba, takalman yaran da suka girma, duk suna cin wuri a ɗakin da ba shi da wuri, gara da danshi suna jiransu. A fito da su tun suna da kyau, a wanke a goge, a bayar yadda mai karɓa ba zai ji kunya ba. Tsumma ba kyauta ba ce.

Maza kuma kada su karanta wannan su gyaɗa kai su wuce. Yawancin wahalar da na lissafa, mace tana shan ta ne domin kuɗin cefane kullum-kullum yake zuwa, kuɗin Sallah kuma sai ana gobe Idi. Maigidan da yake son a fita kunyar danginsa, ya zauna da matarsa tun kaka su rubuta waɗanda za a kai wa da abin da za a kai. Ya saki kuɗin buhu a Nuwamba, ya sayo buhun PICS da hannunsa, ya kira kafinta ya kafa kanta kafin ruwan farko, ya daina ɗibar abin da ta ɓoye don ya burge abokai a majalisa. 'Ya'ya maza ma a koya musu ninke kaya da rufe bokiti yadda ake koya wa 'yan'uwansu mata, tun da su ma a ɗaki ɗaya za su fara zama in sun tafi karatu ko neman kuɗi.