Ƙarar Ƙafar Baya: A Saurara Kafin a Kwance

Duk wanda ya saba shiga bas daga Katuru zuwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ko zuwa Ƙauran Namoda, ya san wannan ƙara: kwam! kwam! daga ƙafar baya. Sau da yawa direba kan ce ba komai, ya ƙara sautin rediyo. In kuwa ya kai motar gareji, sai a shiga canza kaya bisa zato, kuɗi su ƙare, ƙara tana nan. Duka biyu kuskure ne, domin ƙara shaida ce, kuma ana iya karanta ta da lissafin da ake koyarwa a sakandare.

Alal misali, tayar da faɗinta ya kai santimita 70, in aka ninka shi da 22/7, kewayenta mita 2.2 ne. Motar da ke gudun kilomita 40 a awa tana cin kimanin mita 11 a daƙiƙa, wato tayar na juyawa sau 5 ke nan. Saboda haka duk ƙarar da ke bugawa a jere, tana ƙara sauri in an ƙara gudu, daga abin da ke juyawa take: notin da ya saki, ko tayar da ta yi ƙulu, ko wilin da ya lanƙwashe.

In kuwa ba a jin ta sai an faɗa rami, to laifin na abin da ke ɗauke da nauyi ne: shokozoba da ta mutu, ko sifirin da ya karye, ko robar da ta cinye har ƙarfe na dukan ƙarfe. Wadda ke zuwa sai an taka birki, a ganga za a neme ta. Gurnani mai haɗe da zafi a tsakiyar ƙafa kuma alama ce ta boris da ya rasa giris.

Bayan sauraro sai gwaji. A tsaya a wuri mai lafiya, a fara da noti, domin shi ne mafi sauƙin dubawa kuma mafi haɗari: in ya saki, ramukan wili kan buɗe, daga bisani ƙafa ta fice mota na cikin gudu. Sa'an nan a sa waigi, a ɗaga da jak, a girgiza tayar sama da ƙasa. In ta yi wasa alhali noti na ɗaure, boris ne.

Direba na iya cewa fasinja ba su da haƙurin jira. Gaskiya ne, amma minti 10 a tasha ya fi kwana a hanya, balle a 'yan shekarun nan da matsalar tsaro ta sa ba mai son motarsa ta mutu a dajin Zurmi ko Shinkafi. Rigakafi dai ya fi magani.

Abin da ƙwararren bakanike ke yi, wato lura, da zato, da gwaji ɗaya bayan ɗaya, shi ne ainihin tafarkin kimiyya. Ya kamata malaman Fiziks su riƙa kai ɗalibai gareji, su auna taya da igiya, su lissafa juyinta da kansu. Ɗalibin da ya yi haka, ko ya wuce Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda ko ya zama direba, ba zai sake jin ƙarar ƙafar baya ya yi shiru ba.