Gado Ake Ba Magaji, Ba Aro Ba

Ranar Asabar da ta wuce, muna tsakiyar shirin matasa da nake gabatarwa a rediyo, wani mai sauraro ya bugo waya. Hirar ranar kan finafinan jaruman Amurka ce. Ya ce shi kam ya wanke hannunsa tun da aka ɗauki garkuwar Captain America aka miƙa wa wani, aka cire rigar Spider-Man aka sa wa wani yaro, kuma duk mai goyon bayan wannan sauyi ɗan jiya ne, bai san asalin abin ba. Minti biyu nake ba kowane mai kira, don haka na yi masa godiya na ɗauki na gaba. Amma maganar ta kwana tana cina, domin ni ba ɗan jiya ba ne a wannan harka, kuma ban yarda da shi ba ko kaɗan.

Ina aji biyar na lakwal a Damagaram na fara karanta littattafan zane, waɗanda muke kira bede. Akwai wani tsoho da ke shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa kusa da Kasuwar Dole, a cikinsu har da mujallar Strange, wadda kamfanin Lug na birnin Lyon ya fara bugawa a 1970 yana juya labaran Marvel zuwa Faransanci. Dala ashirin muke sayen ɗaya, wata babu bango, wata an yage shafin ƙarshe. Ba mu taɓa samun su a jere ba, sauran labarin da baki muke ƙarasa shi a gindin dogon yaro. A nan na san Peter Parker, yaron da yake ceto birni da dare, da safe kuma ya rasa kuɗin haya. Ina sonsa har gobe. Saboda haka abin da zan faɗa ba na maƙiyi ba ne.

Matsayina shi ne: magadan nan ba su ne suka ɓata labarin ba. Abin da ya ɓata shi shi ne ba a taɓa ba su gadon da gaske ba. Aro ake ba su, da kasuwa ta ɗan yi sanyi a karɓe. Kuma mu masoya masu kukan a dawo mana da na asali, mu ne muke riƙe wa kamfanonin fitila suna wannan ta'asa.

Mu fara da kalmar “asali” ɗin kanta. Flash ɗin da mutane suke rantsuwa da shi, wato Barry Allen, a 1956 ya fito. Kafin shi akwai Jay Garrick tun 1940, mai hular ƙarfe da fukafukai. Green Lantern ɗin da ake kira na gaskiya, Hal Jordan, a 1959 ya zo, alhali Alan Scott yana riƙe da sunan tun 1940. Ke nan su biyun duk magada ne. Abin da mutum yake kira asali, in ka bi diddigi, wanda ya tarar ne lokacin da yake ɗan shekara goma. Yaran da suka tashi da kallon katun ɗin Justice League na 2001, Green Lantern ɗinsu John Stewart ne, baƙar fata, kuma da aka yi fim da Hal Jordan a 2011 su ne suka riƙa tambayar wane ne wannan. Kowa da asalinsa. Ba laifi ba ne mutum ya so abin ƙuruciyarsa, laifin shi ne ya mayar da ƙuruciyarsa doka a kan ƴaƴan wasu.

Akwai lokacin da aka gwada gado na gaskiya, kuma ya yi kyau. A 1985 kamfanin DC ya kashe Barry Allen, ya mutu yana ceton duniya, aka bar shi a mace. Yaronsa Wally West, wanda ya daɗe yana binsa a matsayin Kid Flash, ya ɗauki rigar. Da farko bai cika ta ba: ga rawar kai, ga son kuɗi, gudunsa ma bai kai na maigidan ba. A 1993 marubuci Mark Waid ya yi wani labari inda wani ya bayyana da fuskar Barry, ashe maƙiyi ne ya yi shigar burtu. A nan Wally ya gane cewa shi da kansa yake taka wa kansa birki, don yana tsoron in ya wuce Barry a gudu za a manta da Barry. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar mahaifinsa ko ta malaminsa ya san wannan tsoro. Wally ya girma a idonmu, ya yi aure, ya haifi tagwaye. Shekara ashirin da ƴan kai shi ne Flash. Sai a 2008 aka tono Barry daga kabari, a 2011 kuma da DC ta sake shimfiɗa labaranta daga farko aka share Wally gaba ɗaya, shi da matarsa da ƴaƴansa, kamar ba a taɓa yin su ba. Sai da aka kai 2016 kafin a dawo da shi. Mutum ya yi shekara ashirin a kan gadon sarauta, rana ɗaya a ce masa dama riƙo yake yi.

Wally ma ya yi sa'a, ya daɗe. A ƙarshen 1992 aka kashe Superman, jaridun duniya suka ɗauka, aka sayar da miliyoyin kwafi cikin baƙar leda. Mutum huɗu suka fito kowa yana da'awar shi ne magaji, amma kafin 1993 ta ƙare mai kayan ya dawo. A wannan shekarar Bane ya karya wa Batman baya, wani ya ɗauki rigar, a 1994 Bruce Wayne ya warke ya karɓe abinsa. An harbe Steve Rogers a 2007, ya dawo a 2009. Sam Wilson yana tare da Steve tun 1969, shekara 45 yana dakon garkuwa kafin a ba shi ita a 2014, a 2017 kuma ya mayar. Jane Foster ta ɗaga gudumar Thor a 2014 tana fama da ciwon daji, labari mai ratsa zuciya, a 2018 sunan ya koma wa mai shi. Yanzu in an ce jarumi ya mutu, ko ɗan yaro ya san hutu ya tafi. Mutuwar da ba a zaman makoki a kanta, me za ta koya wa mai karatu?

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A 2009 Disney ta sayi Marvel a kan kimanin dala biliyan 4 na Amurka, DC kuwa a hannun Warner take. Abin da ke kawo musu kuɗi ba takardar da muke karantawa kaɗai ba ce, har da fim, da kayan wasan yara, da hoton da ke kan jakar lakwal. Fuskar da aka sani ba a wasa da ita. In an kashe jarumi an yi ciniki, in an naɗa magaji an yi ciniki, in an dawo da tsohon an sake yin ciniki. Kasuwa uku a kan gawa ɗaya. Ko girma ba a bari jarumin ya yi. Peter Parker ya fito a 1962 yana ɗan makaranta, ya auri Mary Jane a 1987, a 2007 aka sa ya yi ciniki da shaiɗani aka goge auren, don kawai kada ya yi kama da magidanci. Abin dariya ma shi ne Phantom, wanda muka sani da Fantôme du Bengale. Lee Falk ya gina labarinsa kacokan a kan gado, uba ya mutu ɗa ya ɗauki rigar, har zuwa na 21. To tun 1936 wannan na 21 ɗin ne yake kai, har yau bai sauka ba.

Abin da ya sa maganar take yi mini zafi, ni ma na taɓa zama magaji. Ina sabon fitowa daga makarantar koyon aikin jarida a Yamai aka ba ni shirin safe na wani dattijo da ya yi sama da shekara ashirin yana gabatarwa. Kowa Baba yake ce masa. Wata uku na farko, rabin masu bugo waya ba su da magana sai “ina Baba?” Wata tsohuwa ta ce mini muryata ba ta tashe ta sallah. Masu talla suka fara ja da baya. Shugaban gidan ya je har gida ya roƙi Baba ya dawo ko na ɗan lokaci ne. Baba ya ƙi. Ya ce in ya dawo ko na mako ɗaya, ni da masu sauraro duka za mu zauna jiran ranar da zai sake dawowa, kuma ba zan taɓa zama mai shirin ba. Na ji haushinsa a lokacin, don ni kaina so nake ya zo ya ɗauke mini nauyin. Da na tabbatar babu mai zuwa, sai na daina kwaikwayon gaisuwarsa da dariyarsa, na nemi tawa. Shirin ya tsaya da ƙafarsa. Abin da Baba ya yi mini, shi ne abin da kamfanonin nan suka kasa yi wa magadan jarumansu: ya tafi, kuma ya tafi da gaske.

Na san abin da za a ce. Za a ce wasu magadan ba su da gishiri, an ƙaƙaba su ne don talla. Gaskiya ne, akwai su. Amma maganin magaji maras kyau shi ne a rubuta shi da kyau, kuma hakan yana son lokaci. Wally bai zama Wally ba sai bayan shekaru. Wanda aka san za a cire shi nan da wata goma sha takwas, wane marubuci ne zai ɓata basirarsa a kansa, wane mai karatu ne zai ba shi zuciyarsa?

Za a kuma ce, maimakon a sa wa baƙin yaro rigar Bature, me ya hana a ɗinka masa tasa? Wannan hujja ce mai nauyi, kuma ina tare da rabinta. A 1993 su Dwayne McDuffie suka kafa Milestone suka fito da Static. A Legas akwai Comic Republic, akwai kuma Malika ta Roye Okupe. Irin wannan aiki muke buƙata, har a nan gida da harshenmu. Sai dai ɗinka sabuwar riga ba ya hana a gaji tsohuwa. Kuma na lura da yawa daga masu cewa a ƙirƙiro sabbi, in ka tambaye su sabon jarumi ɗaya da suka taɓa nema suka karanta, sai inda-inda. Wani abin da na lura da shi: da Bucky ya ɗauki garkuwar Captain America a 2008 ban ji kururuwa irin wadda aka yi lokacin Sam Wilson ba. Wannan rigima ce ta Amurka, tana da tarihinta da dalilanta. Abin mamaki shi ne ka ga ɗan Afirka ya aro ta yana tayawa da zuciya ɗaya, bai tsaya ya tambayi kansa kukan wa yake yi ba.

Inda aka ba magaji fili, dubi abin da ya faru. Miles Morales, ɗan Brooklyn mai uba baƙar fata da uwa ƴar asalin Puerto Rico, ya fito a 2011 daga hannun Brian Michael Bendis da Sara Pichelli. Fim ɗinsa na katun na 2018 ya ci kyautar Oscar. Ɗan yayata mai shekara tara, in ka ce masa Spider-Man, Miles yake gani, Peter kuwa “wancan tsohon” ne. Duk da haka ba a sakar masa gidan ba, tun bayan 2015 su biyu suke raba suna ɗaya a duniya ɗaya. Kamala Khan, yarinya Musulma ƴar asalin Pakistan, ta zama Ms. Marvel a 2014 kuma sunan ya zauna mata, saboda mai shi ta farko, Carol Danvers, ta riga ta matsa gaba ta zama Captain Marvel tun 2012. An bar mata kujera babu mai tsaye a bayanta. Sai kuma Black Panther. Da Chadwick Boseman ya rasu a Agustan 2020 yana da shekara 43, mutuwa ta gaskiya ta shigo gidan da aka saba wasa da ita. Ba a sa wani ya ɗauki fuskar T'Challa ba, aka binne shi a cikin fim ɗin 2022, ƙanwarsa Shuri ta gaje shi tana kuka tana fushi. Fim ɗin yana da rauninsa, amma makokin da ke cikinsa ya fi duk mutuwar ƙarya da na karanta nauyi, don kowa ya san wannan karon babu dawowa.

Abin da nake nema ba shi da yawa. A bar Peter Parker ya yi furfura, ya zauna da iyalinsa, yaro ya riƙa zuwa neman shawara wurinsa. In an kashe jarumi a bar shi a kabarinsa. Tsofaffin labaransa suna nan, babu wanda ya ƙone su, ni ma ina da ragowar Strange guda goma sha ɗaya a kwali. In kuma ba za a iya ba, to a daina yaudararmu da jana'iza, a daina yaudarar magada da naɗi.

Malam mai bugo waya, na san son da kake yi wa jarumanka na gaskiya ne, irinsa nake yi. Amma jarumin da yake shirye ya ba da ransa, bai kamata ba da riga ya gagare shi ba. Layin yana buɗe ranar Asabar, zan ba ka minti biyar maimakon biyu. In ka ji muryar mace ta ɗauka kada ka kashe, ɗalibar da nake koya wa aiki ce, kuma daga watan gobe rabin shirin nata ne. Na riga na faɗa wa shugaban gidan ba zan karɓe shi ba.