Ciwon sukari da gubar da ido ba ya gani

An daɗe ana ɗaukar ciwon sukari a matsayin cutar alhazan birni, masu cin mai da zaman mota. Manomin Agye ko na Gazawa, wanda ke yini riƙe da hauya, yakan ɗauka babu ruwansa da shi. Gaskiya ne aikin ƙarfi kariya ne babba. Amma likitoci sun gano wata ƙofar da cutar ke shigowa, kuma ƙofar nan a buɗe take a karkara.

Idan mutum ya ci tuwo ko ya sha fura, abincin yakan zama sukari cikin jini. Tsokar jiki ce ke kwashe mafi yawansa ta ƙone shi, ya zama ƙarfi, bisa umurnin wani sinadari da ake kira insulin. To, akwai gubobin da masana'antu ke ƙerawa waɗanda ba sa ruɓewa. In sun shiga jiki sai su maƙale cikin kitse shekara da shekaru. Gwaji a kan dabbobi ya nuna suna rage ƙofofin da sukari ke bi ya shiga tsoka, har tsokar ta daina jin kiran insulin sosai. Sai sukarin ya taru cikin jini, mai shi kuwa bai sani ba.

A 1979, a tsibirin Taiwan, mutane wajen 2,000 suka ci man girki da ya gauraya da gubar PCB, irin wadda ake sa wa tsofaffin taransifomomin lantarki. Bayan shekara 24 aka tarar matan cikinsu sun ninka sauran mata kamuwa da ciwon sukari. A 2008 kuma, wani bincike kan masu feshin gona fiye da 30,000 a Amurka ya sami cutar ta fi yawa ga waɗanda suka yi aiki da wasu magungunan ƙwari. Cikin magungunan har da dikilorbos, wato fiya-fiya, wanda ake kasawa a kasuwannin jihar Maradi kusa da gishiri da barkono.

Wani zai ce ai babu manyan masana'antu a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji. Haka ne, sai dai kayansu na isowa. Kwalbar maganin da ba ta da takarda tana tsallako iyaka, a yayyafa wa wake, a fesa a ɗakin kwana. Bidon ɗin da ya ƙare ya koma na ruwan sha. Ledar da aka hana da doka tun 2014 ana ƙona ta a juji, wata ma da ita ake hura wuta, kuma ƙona shara haka na fitar da gubar dayoksin.

Mutanen Tibiri sun san yadda illa ke ɓuya. Ruwan rijiyar burtsatsen da aka fara sha a 1985 ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara kafin a rufe ta. Wannan guba daga ƙarƙashin ƙasa ta fito, ba daga masana'anta ba, amma shekarun da aka yi ba a auna ba su ne suka yi ɓarnar.

Nijar na cikin yarjejeniyar Stokolm ta 2001 mai hana irin waɗannan gubobi masu daɗewa. Takarda kuwa ba ta zuwa kasuwa. Ya kamata malaman gona da ma'aikatan duwan su riƙa duba abin da ake kasawa, sarakuna da masu gari su hana ƙona leda cikin unguwa. Manoma su koma ga buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ma'aikatan INRAN na Maradi suka taimaka wajen gwada shi, domin yana kashe ƙwarin wake ba da magani ba. Wanda ya daɗe yana feshi, ko yake fama da ƙishirwa da yawan fitsari da rama, ya je gidan likita a auna jininsa. Ɗigo ɗaya ake ɗauka daga yatsa, cikin mintoci kaɗan a gaya masa sakamako.