ZAUREN TARBIYYA: Daga Wasan Gem Zuwa Fim Mai Dogon Zango



Kwanakin baya wata uwa cikin ɗalibaina na ajin matan aure ta tsayar da ni bayan an tashi. Ta ce, "Malama, yarona ya je wurin masu tura finafinai an zuba masa wani a waya, wai fim ɗin gem ne. Tunda wasa ne ai ba komai ko?" Na ce ta faɗa mini sunansa. Ta ce The Last of Us.

To 'yar'uwa, asalinsa wasan gem ne da kamfanin Naughty Dog na Amurka ya fitar a 2013, tashar HBO kuma ta mayar da shi fim mai dogon zango a Janairun 2023, kashi tara, zango na biyu ya biyo baya a 2025. Ba shi kaɗai ba ne. An yi Arcane a 2021 daga wasan League of Legends, an yi Fallout a 2024. Dalili kuwa shi ne wasannin yanzu sun wuce tsalle-tsalle da tseren mota, labari ake ginawa cikakke, kuma miliyoyin masu wasan kasuwa ce a shirye.

Labarin na wani mutum ne, Joel, da aka kashe masa 'ya ranar da annoba ta ɓarke. Bayan shekara 20 aka ba shi amanar yarinya 'yar shekara 14, Ellie, wadda cutar ba ta kama ta, ya ratsa Amurka da ita don a samo magani. A hanya ta zame masa 'ya. Da suka isa asibiti ya gane sai an rasa ranta kafin a samu maganin, sai ya karkashe mutanen wurin ya ɗauke ta, sannan ya rantse mata a kan ƙarya.

A nan bambancin yake. Mai kallon fim ɗan kallo ne, yana iya cewa Joel bai kyauta ba. Mai wasan gem kuwa shi ne Joel, da yatsunsa ake harbin, kuma wasan ba ya ci gaba sai ya yi. Shi ya sa masu fim ɗin suka rage faɗace-faɗace suka faɗaɗa labarin mutane, domin abin da ke riƙe mai wasa awa da awa gajiyar da mai kallo yake yi. Sai dai raguwar faɗa ba ta mayar da shi na yara ba. Su kansu masu sanya alamar shekaru sun ware wasan ga 'yan 17 zuwa sama a Amurka, 18 a Turai, fim ɗin ma alamar manya gare shi, akwai jini, zagi da sha'anin manya. Arcane ma zane ne kamar katun, amma ba na ƙananan yara ba ne.

Kalmar "wasa" ce ke yaudararmu. Don haka kafin ki amince, tambayi sunan abin, ki duba alamar shekarun da ke jikinsa, ki kalli ko da kashi ɗaya ke kaɗai. Idan kuma babban ɗanki ya riga ya gani, kada ki tsaya ga faɗa da ƙwace waya. Zaunar da shi ki tambaye shi: son da Joel ya yi wa yarinyar nan ya halatta masa jinin mutane da rantsuwar ƙarya? Amsarsa za ta nuna miki inda tarbiyyarsa ta kwana.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon sauke amanarsu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.