Tsirkiya Ɗaya, Murya Ɗaya: Waƙar da Ba Ta da Wurin Ɓuya

Duk wanda ya ratsa kasuwar Talata Mafara, ko ya tsaya a rumfar masu cajin waya a Dakko ko Bakura, ya san irin waƙoƙin da ake tura wa 'ya'yanmu. Kiɗa ne da aka harhaɗa a kwamfuta, ganga bisa ganga, da muryar da na'ura ta goge har ba a bambanta ta wane da ta wane. Ka tambayi yaron da ke rausayawa me mawaƙin ya ce, da wuya ya kawo maka fiye da amshi. Amma amshin nan ya riga ya zauna a bakinsa, da shi zai shiga gida, ƙannensa su ɗauka, alhali babu wanda ya tsaya ya auna ma'anarsa.

Wannan ne ya sa muke son a waiwayi wani nau'in waƙa da ya yi ƙaranci, wato wanda mawaƙi yake zama shi kaɗai da ɗan abin kiɗansa, ba makaɗa, ba 'yan amshi, ba lantarki. A Turai da Amurka akan ga mawaƙin da ya yi suna ya ajiye ayarinsa, ya fitar da kundin waƙoƙi da jita kaɗai, kamar yadda Bruce Springsteen ya yi a 1982 da kundinsa "Nebraska", wanda ya ɗauka a kaset a cikin gidansa. Su suna kallon hakan a matsayin gwajin gaskiyar mawaƙi. Mu kuwa abin ba baƙo ba ne a wurinmu.

Gaskiya ne ƙasarmu ta fi shahara da kiɗan fada. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a ƙasar Bakura ya yi zamansa a ƙasar Maradun har ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru Malamin Waƙa, duk da kotso da jerin 'yan amshi aka san su. Amma a rediyon da iyayenmu suka saurare su, a nan suka saurari Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946, ya rasu a watan Yunin 2015. Kayan aikinsa kuntigi ne: ɗan gwangwani da aka rufe da fata, da sanda, da tsirkiya ɗaya tak. Da shi ya yi wa karen mota waƙa, ya nuna ƙaramin ma'aikaci ma mutum ne mai daraja. Da shi ya yi "Jawabin Aure" da "Auren Dole" da "Gulma Wuya", yana sauya murya, yanzu shi ne miji, anjima shi ne mata, anjima shi ne magulmacin da ya shiga tsakaninsu.

Abin lura a nan shi ne, idan kiɗa ya ragu, magana ce take fitowa fili. Tsirkiya ɗaya ba za ta iya rufa wa mawaƙi asiri ba. In yana da abin faɗa, za a ji. In ba shi da shi, kafin ya kai baiti na uku mai sauraro ya gane. Shi ya sa dattijon da ya ji Ɗanmaraya shekara arba'in da suka wuce yake iya gaya maka darasin waƙar har yau, yayin da waƙar da ta cika gari bara an manta da abin da ta ƙunsa.

Kada a fahimce mu baibai. Ba muna cewa ƙarancin kiɗa yana halatta shi ba ne, kuma wannan rubutu ba fatawa ba ne. Mafi yawan malaman mazhabobin nan huɗu sun hana kayan kiɗa masu tsirkiya, suna kafa hujja da hadisin da Imam Bukhari ya kawo game da kayan kaɗe-kaɗe. Imam Ghazali, wanda ya sassauta a kan rera waƙa a cikin Ihya'u Ulumiddin, shi ma ya ware masu tsirkiya da na busa ya hana su. Ibn Hazm na Andalus ya saɓa musu, yana ganin hujjar hanin ba ta tabbata ba. Ke nan kuntigi da gurmi da garaya duk suna cikin wannan saɓani. Wanda ya ƙaurace musu gaba ɗaya don tsare addininsa ya bi hanyar da ta fi aminci, kuma babu mai zarginsa.

Sai dai akwai wurin da malaman ba su yi saɓani ba, shi ne kalmomin. Ƙarshen Suratush Shu'ara ya zargi mawaƙan da ke yawo a kowane kwari na zance suna faɗin abin da ba sa aikatawa, sannan ya keɓe muminai masu aiki nagari da yawan ambaton Allah. Suratu Ƙaf kuma ta tunatar da mu cewa babu lafazin da yake fita daga baki face an rubuta shi. Batsa da ƙarya da cin naman mutane haramun ne, da kiɗa ko babu kiɗa. A nan gidajenmu suka fi yin sakaci: mukan yi doguwar muhawara a kan ganga, mu bar maganar da gangar ta ɗauko ta wuce ba bincike.

In an bi hanyar rage kiɗa har ƙarshenta, inda za a iske shi ne murya zalla, kuma a nan gadonmu ya fi yalwa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta karantar da matan karkara ta hannun jajis da 'yan taru. Malam Aliyu Namangi na Zariya, makaho, da murya kaɗai ya isar da "Imfiraji" lungu-lungu na ƙasar Hausa. Haka Alhaji Aƙilu Aliyu ya rera nasa. A Ingila ma, Cat Stevens da ya musulunta a 1977 ya koma Yusuf Islam ya ajiye jitarsa shekaru masu yawa, yana waƙa da murya da ganga kawai, kafin ya sake ɗaukarta daga baya, abin da ya jawo masa yabo da suka.

Wani zai ce ai mai gurmi shi kaɗai ma yana iya zuba batsa, ko ya yi wa azzalumi kirari. Haka ne. Mu mutanen Zamfara mun ji waƙoƙin da aka wasa 'yan bindiga a cikinsu suna yawo a wayoyi, a daidai lokacin da ƙauyukan Maradun da Bakura suke binne mutanensu. Sauƙin kiɗa ba ya tsarkake zuciyar mawaƙi. Amfaninsa shi ne ba ya bari mugun zance ya shige mana a sace. Muna jin sa ƙarara, mu san abin da muka karɓa da abin da muka ƙi.

Saboda haka muna ba iyaye shawara mai sauƙi. Idan kun ji wata waƙa ta kama bakin yaro, ku zaunar da shi cikin lalama, ku ce ya faɗo muku kalmominta ba tare da rerawa ba. Abin da ya ji kunyar furtawa a gabanku, shi da kansa zai gane bai dace da kunnensa ba. Ɗalibanmu masu baiwar waƙa kuma, a makarantun Islamiyya da Kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara, kafin ku kai kuɗinku situdiyo, ku fara ɗaukar waƙarku da murya kaɗai a waya, ku kai wa malami ko dattijo ya saurara. In ta tsaya da ƙafarta, kun samu abin da za ku bar wa na baya. In kuwa ta faɗi, kun huta da ɗaukar nauyin maganar da za a tambaye ku a kanta ranar gobe.

Allah Ya tsare harsunanmu da kunnuwanmu, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu. Amin.