A ɗauki awonmu kafin a ɗinka mana



Iyayena mata, yayyena da ƙannena na wannan zaure, shugabannin mata na ƙananan hukumomi da na mazaɓu, barkanmu da war haka. Ya gida, ya yara, ya kuma haƙuri da tsadar nan? Allah Ya kawo mana sauƙi.

Saƙon yau da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Wadda take kan girki ta bari sai ta sauke, ta karanta a nutse, don akwai aikin da zan ba ku a ƙarshe.

Talatar da ta wuce bayan la'asar wata yarinya 'yar unguwarmu ta shigo min gida da goyonta. Ba zan faɗi sunanta ba, ba kuma zan faɗi inda take aiki ba. Mijinta ya rasu tana da ciki. Shekararta uku a wani babban kanti, ita ce mai karɓar kuɗi, ba a taɓa cewa ko naira biyar ta ɓata a hannunta ba. Ta gama hutun haihuwa ta koma aiki, sai yunifom ya ƙi shiga. Duk wadda ta taɓa jego a cikinmu ba sai na yi mata bayani ba. Ga wankan jego, ga kunun kanwa, ga ƙirji ya ciko, ƙugu ya buɗe. Ta je ta roƙi a canza mata. Manaja ya ce lamba uku kawai ake kawo musu, kuma mafi girman ce a jikinta. A gaban sauran ma'aikata, har da maza, ya ce da ita su ba sa yi wa giwa ɗinki. Aka kwashe da dariya. Ya ba ta wata ɗaya ta rage jiki, in ba haka ba ya mayar da ita sito, inda babu alawus ɗin da take samu a gaba.

Kun san abin da ta yi? Ta riƙa maƙale siket da fil, ta yafa mayafi ta rufe inda maɓalli ya ƙi haɗuwa. Sai aka rubuta mata takardar gargaɗi wai mayafin ba ya cikin yunifom. Daga nan ta daina cin abincin rana, ta sayi wannan shayin rage ƙiba da ake tallarsa a waya, alhali tana shayar da ɗan wata huɗu. Da ta zo wurina ba ma ƙarar manaja ta kawo ba. Tambayata ta zo yi ko na san abin da ake sha ruwan nono ya dawo, don yaron ya fara ramewa.

Wallahi ranar ban yi barcin kirki ba. A kan yadi ɗaya da aka ƙi ƙarawa, maraya yana kwana da yunwa.

To ni ga ra'ayina, kuma ina so mu tattauna shi ya zama matsayarmu. Duk wanda ya tilasta wa ma'aikaci sa yunifom, shi ne zai samar da shi daidai jikin mai sawa. A ɗauki awon mutum sannan a ɗinka. In jikinta ya canza saboda ciki ko haihuwa ko shekaru, a sake awo. Kuma kuɗin ya fito daga aljihun mai wurin, don sunansa da tambarinsa ne a ƙirjin rigar, tallarsa take yi.

Na san wata za ta ce, haba Hajiya, ana fama da kuɗin shinkafa da rashin tsaro ke kina maganar riga? Ina jin ki. Amma ki duba su waye ke sa yunifom a garin nan. Nas-nas da ungozoma, masu shara a asibiti da kan titi, 'yan matan gidan mai, masu aiki a gidan abinci da otal, malaman makarantun kuɗi, masu gadi mata da ke bincikar jaka a ƙofar biki. Yawancinsu albashinsu bai taka kara ya karya ba. A watan Yulin 2024 aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma a irin waɗannan ƙananan wuraren 'ya'yanmu suka fi yawa. Yarinyar da ke karɓar abin da bai kai haka ba, a ce ta je ta sayi yadi ta biya tela, ko a cire mata kuɗin yunifom daga albashin farko, ai maganar shinkafar ce dai aka dawo kanta.

Yadda abin yake faruwa ma ba wani boyayyen abu ba ne. Ana ba ɗan kwangila aikin yunifom ɗari biyu, ya je ya yo ƙarami da matsakaici da babba, sau da yawa a kan yankan maza, ƙirji a shafe, ƙugu a tsuke. Ya kawo a buhu, a raba. Wadda ta dace ta dace. Ku tambayi 'ya'yanmu masu bautar ƙasa, tun ranar farko a sansani layin teloli ake yi a kasuwar Mami, wannan a rage mata, waccan a ƙara mata ƙyalle a gefe, kowa da kuɗinta. Ragewa dai da sauƙi. Ƙarawar ce aiki, don in yadi bai kai ba tela ba shi da dabara. Shi ya sa nauyin ya fi faɗa wa mai jiki.

Kada kuma mu manta da siririya. Ita ma tana shan nata. A ba ta riga kamar buhu, hannu ya wuce yatsu, tana aiki kusa da wutar girki ko injin niƙa. Wannan haɗari ne ƙarara. Ga baƙar magana a kai, wai ko ba ta da lafiya ne, wai a je a auna ta. Mu dai mata ba a bar mu mun huta ba ta kowane ɓangare. Jiya 'yan mata ke shan sha-ka-fashe don a ce sun yi jiki, har wasu su jawo wa kansu ciwo, yau kuma shayin ramewa ake sha. Na kauce kaɗan, amma abin ne da ciwo.

Akwai masu cewa ai ƙiba cuta ce, manaja taimakonta ya yi. Gaskiya ne ƙiba mai yawa tana tafiya da hawan jini da ciwon suga, ni kaina likita ya sa na rage maiƙo da gishiri. Amma wannan tsakanina da likitana ne, a ɗaki, da mutunci. Manajan kanti bai auna jininta ba, bai san me take ci ba, kuma ba a taɓa warkar da mutum da dariyar jama'a ba. Na kuma yarda akwai aikin da ke buƙatar gudu da ƙarfi, kamar soja da 'yan kwana-kwana. To a gwada mutum a kan aikin, in ta iya ta iya. Lissafin kuɗi a kanti fa, da ƙugu ake yin sa?

Tun muna Islamiyya aka karantar da mu a Suratul Hujurat cewa an hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, har aka ware mata aka ambace su. Na kawo wannan ne don a cikin masu dariyar ranar nan akwai mata 'yan uwanta.

Sai maganar doka, don mu san inda muke da ƙarfi da inda ba mu da shi. Sashe na 42 na kundin tsarin mulki ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi, addini da ra'ayin siyasa. Bai ambaci girman jiki ba. Wasu wurare sun toshe wannan kafa, birnin New York na Amurka ya yi doka a 2023 da ta hana nuna wa mutum bambanci a wurin aiki saboda tsayinsa ko nauyinsa. Mu ba mu kai nan ba tukuna, amma hannunmu ba a ɗaure yake ba. Dokar ƙwadago ta ba mace hutun mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aiki a wurin, ta kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana don ta ba ɗanta nono. Macen da aka rage wa matsayi saboda jikin da haihuwa ta bar mata, ai saboda kasancewarta mace aka yi mata. Akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a Kano da Kaduna, kuma irin wannan shari'ar ta nuna bambanci a wurin aiki hurumin ta ne. Akwai kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da ke taimaka wa marasa ƙarfi.

Wadda ke ganin yunifom ba ya canzuwa, ta tuna maganar hijabi. A Disambar 2017 aka hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsar da lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire hijabinta. Ta tsaya, jama'a suka tsaya mata, a Yulin 2018 aka rantsar da ita da hijabin a kanta. A Maris ɗin 2022 Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya amince 'yan sanda mata su sa ɗankwali a ƙarƙashin hula. A watan Yunin shekarar Kotun Ƙoli ta yanke cewa ɗalibai mata a makarantun gwamnatin Legas suna da 'yancin sa hijabi. Duk waɗannan a da cewa ake yi ƙa'ida ce, ba a taɓawa. Kuma ni a ganina maganar ɗaya ce. Mun yi faɗa a rufe mana kai, sai mu yi shiru a ba 'yarmu siket ɗin da in ta sunkuya sai ta kare da hannu? Suturar ai ba a wuya ta tsaya ba.

Yanzu bari in taɓa mu, don kada a ce laifi tudu ne. Mu ma a jam'iyya muna yin wannan abin, har da ni mai maganar. Lokacin kamfe ana kawo riguna masu hoton ɗan takara da hular hana sallah, duk lamba ɗaya. Akwai wata baiwar Allah, uwa ce a wurina, ita kaɗai tana fito mana da matan layi uku ranar zaɓe. Wani gangami da muka yi ban gan ta ba. Da na bi sawu sai 'yarta ta ce min rigar ce ta ƙi shiga, ita kuma ta ji kunyar zuwa daban a cikin mutane. Na ji kunya ƙwarai. Haka anko. Turmi yadi shida ne, falle uku, amma sau nawa ake yanke shi a raba wa mutum biyu don a ce an kai kowa? Siririya ta fitar da riga da siket, mai jiki ta tashi da zani da ɗankwali. Sannan in za a tarbi manyan baƙi, su wa muke zaɓa su tsaya a ƙofa? Mu faɗi gaskiya, dogaye sirara farare muke tsincewa, waɗanda suka sha rana suna bi gida gida kuma a tura su bayan rumfa rabon ruwa. Na yi, Allah Ya yafe min, kuma daga yau na daina.

Abin da nake so mu kai wa 'yan takararmu da 'yan majalisarmu na jiha ba mai tsada ba ne. Duk kwangilar yunifom da gwamnatin jiha ko ƙaramar hukuma za ta bayar, ta masu shara ce ko ta asibiti, a rubuta a cikin takardar cewa sai an ɗauki awon kowa, kuma mace ce za ta auna mace. A tanadi rigar masu juna biyu. A hana cire kuɗin yunifom daga albashi. Ɗinkin kuma a ba telolinmu mata. Kekunan ɗinki nawa aka raba a mazaɓunku da sunan tallafi? Da yawa suna nan a lulluɓe a ƙuryar ɗaki, babu aiki sai an zo sallah. Ga yadi a Kantin Kwari, ga masu ɗinki a unguwa, ga masu sawa a unguwar. Tela ba ta minti biyar wajen ɗaukar awo. In gwamnati ta fara a gidanta, za ta samu bakin yi wa masu kanti da gidan mai magana.

Game da yarinyar nan, na sa ta zubar da shayin a gabana, na haɗa ta da wata nas ta duba ta da yaron. Jiya muka je kantin ni da wata ƙanwata lauya. Ba mu yi hayaniya ba. Manajan da farko cewa ya yi wasa yake yi mata. Daga baya ya yarda tela ta zo ta auna ta, amma ya ƙi janye takardar gargaɗin, wai sai mai kantin ya dawo daga tafiya. Mun ce za mu dawo, kuma in sha Allahu za mu koma.

Ga aikinku. Kowace shugabar mata ta mazaɓa ta zauna da masu sa yunifom na yankinta, ko mutum biyar ne, ta tambaye su wa ya biya kuɗin ɗinkin, ko an auna su, da abin da aka yi musu lokacin da suke da ciki. Kada a rubuta sunan kowa, kada kuma a turo hoton kowa cikin wannan zaure, aikin mutane ne a kan layi. A kawo min a takarda zamanmu na Asabar, ƙarfe huɗu bayan la'asar, a ofis. Teloli biyu mata za su zo da tef ɗinsu, za a ɗauki awon kowa saboda ankon taro mai zuwa, a ɗaki na ciki. Wadda ba za ta samu zuwa ba ta aiko da rigarta ɗaya da ta yi mata daidai.

Don Allah a tura wa zaurukan mazaɓu. Wadda ba ta iya karatu ba a karanta mata.

Wassalam.
Taku, Shugabar Mata.