Filin Lafiyar Iyali: Yadda allurar Sinawa ke rage zafin ciwo

Idan yaro ya buge goshinsa, uwa takan murza wurin, sai kuka ya lafa. A cikin wannan murzawa akwai amsar tambayar da ake yawan yi mana game da jinyar tsira allurai, wadda likitocin ƙasar Sin da ke zuwa Nijar tun 1976 suka sanar da mu.

Galibi zafi ba ya isa ƙwaƙwalwa sai ya bi ta laka, wadda ke kwance cikin ƙashin baya. A shekarar 1965 masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka bayyana cewa akwai wata mashiga a lakar mai kama da ƙofa. Siraran jijiyoyi su ke kawo saƙon zafi, masu kauri kuwa saƙon taɓawa da murza. Idan masu kaurin suka motsa, sai ƙofar ta ƙuntata, zafin da ke wucewa ya ragu. Ana ganin allurar da aka tsira aka juya tana yin irin aikin hannun uwa.

Bayan haka, jiki yana da nasa maganin. A 1975, a birnin Abadin na Sikotilan, aka gano sinadarin enkefalin, ɗan uwan mofin, wanda jiki ke samarwa da kansa. Farfesa Han Jisheng na Beijing ya nuna cewa haɗa allurar da ɗan lantarki yana sa laka ta saki irin waɗannan sinadarai.

Sai dai gaskiya ɗaya ce. A wani gwaji na Jamus da aka wallafa a 2007, kan masu ciwon baya 1,162, kusan kashi 48 cikin 100 sun sami sauƙi da allurar ainihi, kashi 44 da allurar da aka tsira sama-sama ba a gurbinta ba, kashi 27 da jinyar da aka saba. Ke nan ba lallai sirrin yana ga gurbin allura ba.

Don haka muna jan hankalin iyalai. Allura tana rage zafi, ba ta cire tushen cuta. Ciwon baya da ya zo da mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari na asibiti ne, cikin gaggawa. Kuma kada mu yarda da allurar da ba a buɗe ta sabuwa a gabanmu ba, domin ciwon hanta da sida suna bin ta nan. Allah ya ƙara mana lafiya.